Tambaya da Amsa: Furen Zanun Na Bakin Bahar, Me Ya Sa Ba Ya Yarda A Dasa Shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Tunda aka samu ruwan sama a hunturun nan saƙonni suke ta shigo min kan wani fure ruwan ɗorawa da mutane ke gani in sun fita shan iska bakin bahar, wato bakin teku, wasu harda hoto suke turowa. Na zaɓo guda huɗu, sauran in sha Allahu za su ga amsarsu a ciki.

TAMBAYA: Malam ina wuni, 'yar'uwarku ce daga Karantina nan Jidda. Ran Juma'ar da ta wuce maigida ya kwashe mu da yara muka je bahar can hanyar Shu'aiba, bayan mun ci abinci yara na wasa sai ga autata ta rugo tana cewa Umma zo ki ga masara ta fito a yashi. Da na je wallahi Malam ban taɓa ganin fure mai kyau irinsa ba, ba ganye ko ɗaya kawai ya tsaya cak a cikin rairayi. Muka tono guda uku na kawo gida na sa a tukunya da ƙasar mashtal, inda ake sayar da shuke-shuke, ina ba shi ruwa safe da yamma, kwana biyar ya yi baƙi ya ruɓe har yana wari. A ina na yi kuskure, ko ruwan gishiri yake so? Don ina so mu koma mu ɗebo wasu.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya auta, idonta ya gani daidai don kuwa da zangarniyar masara ko ta gero yake kama. Amma kafin komai dan Allah kar ku koma ɗebowa, ko guda ɗari kika kawo haka za su ruɓe, ko da ruwan bahar ɗin kika shayar da su.

Abin da kuka gani shi Larabawan nan ke kira zanun, masana tsirrai kuma suna ce masa Cistanche. Kin lura da babban sirrinsa da kanki da kika ce ba shi da ganye. Kinga kowane tsiro da koren ganyensa yake haɗa abincinsa daga hasken rana, to shi wannan ba shi da kore ko ɗigo a jikinsa, ya'ani ba ya iya dafa wa kansa komai, a tukunyar wani yake ci. Duk wanda ya taɓa noma a gida ya san ƙuduji, wuta-wutan nan mai fure ja-ja da ke kama saiwar dawa da gero ya tsotse su, 'yan'uwanmu na Sudan suna ce masa buda. To zanun da ƙuduji 'yan gida ɗaya ne, dangi ɗaya masana suka sa su. Bambancin shi ne ƙuduji yana da ɗan ganyensa kore yana taɓuka wani abu, shi ko zanun kacokan ya jingina da mai masaukinsa.

Su waye masu masaukin? Ki tuna inda kuka tono shi, na tabbata taku ɗaya ko biyu daga wurin akwai wata 'yar ƙaramar ciyawa mai kauri, ganyenta kamar 'yan yatsu cike da ruwa, wani lokaci toka-toka wani lokaci ta ɗan yi ja, irin wadda mutum zai taka ya wuce bai ko kalle ta ba. Su ne ciyayin da Larabawa ke kira suwwad da haram da ire-irensu masu jure gishiri, sai kuma wani itace da suke kira ɗarfa. A Indiya da Pakistan ma ana samunsa a kan saiwar tumfafiya da itacen asuwaki. A ƙarƙashin ƙasa zanun ke manne da saiwarsu yana zuƙar ruwa da abinci, abin da kika gani a sama fure ne kawai ya leƙo, ainihin jikinsa na can ƙasa.

Nima na taɓa yin abin da kika yi shi ya sa nake miki bayani da zafi haka. Shekarun baya farkon zuwana na ga wani a kudancin Jidda na durƙusa na yi ta tonawa da hannu ina son in ga ƙarshensa, na kai kusan gwiwar hannu a cikin yashi. Gindinsa fari ne mai kauri kamar ɗanyen rogo, da ɓawo-ɓawo a jere kamar na kifi, in ka matsa shi ruwa ne taf, sanyi ƙalau dukda zafin da ke sama. Can ƙasa sai na tarar duk wannan ƙaton abu a jikin wata siririyar saiwa yake rataye, ba ta fi kaurin tsinken tsintsiya ba, ta miƙo daga wata ciyawa da ke gefe. Ina ɗan ja sai ta tsinke. A lokacin ban san me na yi ba, sai daga baya da na karanta na gane a daidai wannan tsinkewar na kashe shi, kuma har yau in na tuna ba na jin daɗi. To Hajiya naki ma tun a bakin bahar suka mutu, kwana biyar ɗin nan ruwan jikinsu ne kawai ya riƙe su.

Kuma asarar ba ta tsaya a guda ukun ba. Furannin daga ƙasa suke fara buɗewa suna hawa sama, ƙudan zuma na shiga suna fita, bayan 'yan makonni zangarniyar ta bushe ta koma baƙa kamar an babbake ta, a nan ne take zubar da iri, dubbai, ƙanana kamar ƙura. Irin nan zai iya kwanciya a yashi shekaru bai tsiro ba har sai saiwar mai masauki ta biyo ta kusa da shi ya ji sinadarin da take fitarwa, sannan ya farka ya kama ta. Cikin dubban nan kaɗan ne ƙwarai ke dacewa. Wanda aka cire yana tsakiyar fure bai bar komai a baya ba.

In kina son fure a gida mashtal cike yake da waɗanda za su yi miki kyau a tukunya. Wannan kam ki kai auta ta sake gaishe shi a inda yake, ku ɗau hoto, tsakanin Fabrairu da Afrilu aka fi ganinsa in shekara ta yi ruwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, a Makka aka haife ni. Wani a Facebook ya sa hoton furen nan ya ce ya kusa ƙarewa a duniya, wani kuma ya ce ƙarya ne a Sharƙiyya, gabashin Saudiyya, kamar ciyawa yake. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Ƙanena kowannensu ya riƙo wani ɓangare. In duniya gaba ɗaya ake magana zanun bai kusa ƙarewa ba, yana da faɗin ƙasa sosai, daga bakin tekun Fotugal da Sifen, ya bi Arewacin Afirka da Sahara, ya shigo Jazirar Larabawa ya wuce har Pakistan da Indiya da yammacin Sin, kuma ba iri ɗaya ba ne, akwai 'yan'uwa da yawa masu kama da juna da sai masani ke rarrabe su. Wanda ya ce a Sharƙiyya yana da yawa shima bai yi ƙarya ba, a shekarar ruwa ana ganinsa sosai a can.

Amma ka fahimci yadda ake wannan lissafi. Akwai ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN, an kafa ta 1948, tun 1964 take fitar da abin da ake kira Jan Kundi, inda ake sa kowace halitta a matakinta, daga wadda ba a damu da ita ba, zuwa wadda ta fara rauni, zuwa wadda ke cikin haɗari, har zuwa wadda ta ƙare. Abu biyu ya kamata ka riƙe. Na ɗaya mafi yawan tsirran duniya ba a ma kai ga auna su ba, saboda haka rashin ganin sunan tsiro a cikin masu haɗari ba shaida ba ce cewa yana lafiya. Na biyu kundin duniya yake kallo, ba unguwarku ba. Tsiro zai iya cika Sahara amma ya ɓace ƙurmus daga gaɓar Jidda, kuma yaron da ya tashi a Jidda shi dai ya rasa shi, yawansa a wata ƙasa bai amfane shi da komai ba.

Kuma a gaɓar nan tamu dama can ba mai yawa ba ne, tsilla-tsilla yake. Dalili ruwa. Jidda a shekarar da aka saba ko milimita 100 ba ta samu, shima ɗan abin tsakanin Nuwamba da Janairu yake sauka, wata shekarar shiru, wata kuma ya zo a rana ɗaya kamar na 24 ga Nuwamba 2022 da aka auna milimita 179 cikin awa shida. Sai mai masauki ya ƙoshi sannan baƙo zai samu ƙarfin yin fure, shi ya sa za ka je wuri bana ka ga goma, baɗi ka koma ba ko ɗaya, ba wai sun mutu ba, suna ƙasa suna jira.

Matsalar ita ce wurin jiran nasu ne ke tafiya. Mazauninsa shi ne ɗan zirin nan tsakanin ruwa da tudu, yashi mai gishiri da gefen sabka. Wanda bai san sabka ba ya tuna ƙasar kanwa, fili shimfiɗe fari-fari da ɓawon gishiri a sama, ƙasansa laka. A idon mai gini wannan fili ne da ba kowa, sai a zuba masa ƙasa a daddaɓe a yi istiraha, wato gidan hutawa, ko sito ko titi. Akwai wani wuri kudu da gari da na saba zuwa duk hunturu, na san ciyayin wurin kusan ɗaya bayan ɗaya, wata shekara na je na tarar an bi da katafila an share tas, gefe guda kuma tulin ɓaraguzan gini da tayoyi da wani ya zo ya juye da dare. Ba wanda ya tsinki fure ko ɗaya a wurin, ciyawar kawai aka kawar, kuma shi kenan zanun ya tafi da ita. Na daɗe a tsaye a wurin ban iya komawa mota ba.

Gwamnati na ƙoƙari, gaskiya ce a faɗe ta. A 2021 aka ƙaddamar da shirin Saudiyya Koriya, wato na mayar da ƙasar kore shar da shuke-shuke, cikinsa akwai burin killace kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku da dasa shura, itacen nan da ke fitowa cikin ruwan gishiri, guda miliyan 100 a gaɓa kafin 2030, kuma a shekarar ce UNESCO ta sa tsibiran Farasan na Jizan cikin wuraren da ake kare halittunsu. Abin da nake fata kawai a riƙa tunawa da ƙananan ciyayin da ke bayan shura, don shura itace ne kowa na ganinsa ana ɗaukar hoto ana dasa shi, su ko suwwad da haram ba mai yi musu biki. In kana son ka san arzikin tsirran ƙasar nan ka nemi littafin wata Baturiyar Ingila Sheila Collenette na 1999, ta yi shekaru tana zaga ƙasar da kyamara, ta tattara sama da iri 2,200, a ƙasar da mutane ke cewa ba komai sai yashi.

TAMBAYA: Salam Malam. Wani abokina ya ce zanun maganin ƙarfin maza ne, wai har Sin ake kaiwa da tsada, ya ce mu riƙa zuwa muna haƙowa muna busarwa mu kai wa masu aɗɗara, wato masu sayar da maganin gargajiya. Ni direba ne albashin ba yawa, shin akwai laifi?

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya buɗa, na san halin da ake ciki kuma ban raina tambayarka ba. Amma shawarata kar ka shiga.

Maganar Sin tana da tushe, a maganin gargajiyarsu sun daɗe suna amfani da wani ɗan'uwan zanun da ke fitowa a hamadarsu. To ka ji abin da ya biyo baya, haƙa ta yi yawa har ya fara ƙaranci a daji, ita kanta Sin ɗin ta nemi a sa shi cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittu tsakanin ƙasashe, aka sa shi a shekarar 2000, yanzu ba ya tsallaka iyaka sai da takarda. Da suka ga haka sai suka koma nomansa shi da wani ɗan'uwansa, kuma ka ga yadda suke yi, sai sun fara dasa itacen da zai ɗauke shi, kamar ɗarfa a yankin Hotan, ya kafu, sannan su binne irin a kusa da saiwarsa su jira. Ya'ani kasuwar can tana da gonakinta, ba jiran buhun da za ka haƙo a hanyar Lis kudu da Jidda take ba. Abin da zai faru kawai ka ƙona fetur, ka kashe wuri guda cikin yini ɗaya, a ba ka abin da bai taka kara ya karya ba.

Irin wannan rububin ba yau aka fara ba. Akwai wani tsiron shima mai cin saiwar wasu, ɗarsus, ja-baƙi kamar kulki, makiyayan nan sun san shi har suna ci. A tsibirin Malta an ɗauke shi magani mai daraja har sai da mai mulkin wurin ya hana kowa hawa dutsen da yake fitowa a 1746 aka sa masu gadi, wanda aka kama a kai shi tuƙin jirgin ruwa.

Ta fuskar lafiya kuma ni ba likita ba ne kuma ba zan ce wa kowa ya sha ba. Tsiro ne da ke zuƙar duk abin da ke jikin mai masaukinsa, ga gaɓar kusa da gari da abin da ake zubarwa a cikinta. Mai hawan jini ko suga ko ciwon ƙoda da ke shan magani ya je ya ga likitansa, kar ya biye wa maganar majalisa.

Sannan akwai doka. Tun 2020 aka fito da sabon tsarin kare muhalli, akwai askar, wato jami'an tsaro, na musamman da ke sintiri saboda shi, cire tsirrai ko sare itace ba izini laifi ne mai garama, wato tara. Mu baƙi da muke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, mun fi kowa sanin abin da ƙaramar magana ke iya zama, kar neman ɗari ya jawo maka asarar dubbai da abin da ya fi kuɗi.

TAMBAYA: Baba mu matasa ne muna fita kashta, wato shan iska a daji, duk ƙarshen mako da motoci da dabbab, babur ɗin yashi, ba ma cire fure ba ma sare itace, mu ma da laifinmu?

AMSA: Ɗana Allah ya yi albarka da ka tambaya, da yawa ba sa tambaya. Eh akwai, kuma wataƙila ya fi na mai cirewa, don Hajiyar farko guda uku ta ɗauka, taya kuwa ba ta ƙirga. In mota ta bi ta kan ciyayin nan tana karya su, tana danne yashin ya yi tauri ruwa ya kasa shiga, tana tsinka siraran saiwoyin da na ba da labari a sama, kuma a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin wannan sawun taya ɗaya sai ya yi shekaru bai goge ba. Ka je gefen sabka ka duba da idonka za ka ga layi biyu fari fat ba abin da ya sake fitowa a kai. Ga kuma masu fizgo busasshiyar ciyawa su hura wutar shayi, alhali da yawansu ba matattu ba ne, barcin rani suke.

Ban ce ku daina fita ba, nima ina fita kuma da ba a fita da ba wanda zai san akwai zanun. Ku bi sawun da aka riga aka yi kar kowa ya buɗe nasa, ku ajiye mota a fili mai tauri ku ƙarasa da ƙafa, ku zo da gawayinku daga gari, ku koma da ledarku da robobinku. Dabbab kuma a kai shi tudun yashi tsirara inda ba tsiro. Ka sani shiga da mota cikin rauda, wato dausayin daji, da aka killace garamarsa na kaiwa riyal 2,000, in kuma kun ga mai juye shara ko ɓaraguzai a gaɓa, a yankin Makka 911 ake kira.

Kuma ku 'yan Makka da Jidda abin nan ba baƙo ba ne a wurinku, kun tashi kun san ba a cire ciyawar Harami ba a sare itacensa, in ban da ciyawar izkir da Abbas ya roƙa aka bari saboda amfanin mutane, kun kuma san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ma ya killace Rabaza. Shu'aiba ba Harami ba ce, hukuncinsu ba ɗaya ba, amma tarbiyyar hannu ɗaya ce. Kuma ita Shu'aibar da kuke tsere a kanta ita ce tashar jirgin Makka kafin Sayyidina Usman ya mayar da ita Jidda a shekara ta 26 bayan hijira, daga nan sahabban farko suka hau jirgi zuwa Habasha.

In kun sake fita wannan makon ku ɗan yi min wani abu, duk inda kuka ga zanun ku ɗauki hotonsa tare da ciyawar da ke kusa da shi, ku rubuta ranar da yankin amma kar ku sa ainihin wurin a intanet saboda masu haƙa, ku turo min ta wannan fili. Ina tara su ne shekara bayan shekara don mu ga inda yake nan da inda ya daina fitowa. Masu tambaya kan shura da raƙuman da ke cinye ta a gaɓar Bur Sudan da Sawakin kuma ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba.